Injin Sauri Ba Na Ɗan Koyo Ba Ne

A Amurka, inda doka ta yarda mutum ya tsince kwanson harsashin da ya harba ya sake yi masa ɗuri don amfanin kansa, wata shawara ta zama ruwan dare a bakin 'yan gasar harbi. Wai kada ɗan koyo ya ɓata kuɗinsa a kan ƙaramin injin ɗuri, ya wuce kai tsaye ya sayi babba irin XL750 na kamfanin Dillon da ke Arizona, tunda ko ba jima ko ba daɗe can zai ƙare. Ni kam ban yarda ba, kuma batun yatsu da idanun mutane nake yi.

Babban injin nan kwanso 5 yake riƙewa lokaci guda. Ja ɗaya za ka yi wa hannunsa, ya daidaita wannan, ya zuba wa wancan albarushi, ya dasa wa na gaba dalma. Gwani ya san ƙarar kowane aiki da nauyinsa a tafin hannu. Sabon shiga fa, wanne zai kalla?

Ga inda gizo ke saƙa. Kwanson .38 Special tun 1898 aka tsara shi, zamanin baƙin albarushi mai cin wuri, don haka cikinsa da faɗi. Albarushin yau kuwa ɗan kaɗan ake sawa. Idan inji ya cije, mutum ya gyara ya sake ja, awo biyu na iya shiga kwanso ɗaya ba tare da ko ƙwaya ta zube ba, sai ranar harbi bindiga ta tarwatse a hannu. Ko kuma kwanso ya wuce babu komai a ciki, dalma ta maƙale a bututu, harbi na biyu ya same ta a can.

Injin aiki ɗai-ɗai, irin Rock Chucker na RCBS, kamfanin da Fred Huntington ya kafa a Oroville ta Kalifoniya a 1943, nawarsa ita ce amfaninsa. Ka jera kwanso 50 a faranti, ka haska tocila, ka bi su da ido kafin ka rufe bakin ko ɗaya. Wanda albarushinsa ya ɗara na 'yan'uwansa ba zai ɓuya ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

Za a ce ai manyan injinan ana ɗaura musu na'urar da ke ƙara idan awo ya kauce. Gaskiya ne, amma mutum ne zai saita ta, kuma wanda bai taɓa ganin awon daidai da idonsa ba, da me zai gwada?

Maganar asarar kuɗi ma ba ta da ƙafa. Ƙarafan matsa kwanson yawancinsu zarensu ɗaya ne, ana kwance su daga ƙaramin inji a ɗaura a babba. Ƙaramin kuma ba ya zama juji: maharban da ke neman saiti a nesa har gobe a kansa suke ɗurin harsashin doguwar bindiga, ko da babban na girke a gefen teburi.