Darasi Daga Ramin Ɗan'uwan Kurege

Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ne kuma ya ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Akwai dabbar da rayuwarta ke gaskata maganganun biyu: mamot, ɗan'uwan kuregenmu, wanda ya fi shi ƙiba, mazaunin tsaunuka masu tsananin sanyi a Turai, Asiya da Amurka.

A tsaunukan Alps, mamot kan shafe kimanin wata shida yana barci a rami. Dangi kan cunkushe wuri guda, ɗumin jikin manya ya ceci ƙanana daga mutuwa. Sai dai wannan rufin asiri yana da farashi: mace ɗaya, uwar gida, ita kaɗai ke haihuwa. Sauran matan ko sun ɗauki ciki, tsangwamarta kan hana shi kaiwa ga haihuwa.

A jihar Colorado ta Amurka kuwa, Kenneth Armitage ya fara bibiyar wani jinsin mamot tun 1962. Bincikensa ya nuna cewa 'ya'ya sun fi rayuwa idan mata 'yan'uwan juna ƙalilan suka zauna tare, amma da taron ya wuce kima sai gasa ta cinye ribar.

Ɗan Adam ba kurege ba ne; Allah Ya fifita shi da hankali da shari'a. Duk da haka, wanda ya san manyan gidajen Kwarbai, Juma da Ƙaura zai ji labarin bai yi masa nisa ba. A gidajen nan maijego ba ta rasa mai dafa mata ruwa, maraya ba ya kwana da yunwa. A cikinsu kuma akwai gadon da aka ƙi rabawa shekara da shekaru, da ƙanen da furfura ta fara fito masa bai sami ɗakin ajiye amarya ba.

Kakanninmu sun hango wannan. A tsarin gandu, wanda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1955 kan tattalin arzikin Hausawan Zazzau, wajibi ne maigida ya ciyar, ya biya haraji, ya aurar, ya kuma yanka wa na ƙasa da shi gayauna. Biyayya da haƙƙi tare suke tafiya.

Yau mun riƙe biyayyar, mun saki gayaunar. Dattawanmu, a raba gado kan lokaci, a ba matasa wurin kafa nasu iyalin. In ba haka ba, su za su ci gaba da ficewa bayan ganuwa, a bar tsofaffi da gadin zaure.