Laifin Waya Ko Laifinmu?

'Yan'uwa marubuta, duk shekarar da sakamakon WAEC ko NECO ya fito, waƙa ɗaya ake rerawa a ɗakin malamai da majalisun unguwa, wai waya ta lalata yara. Ba mu musa ba. Mu da muke riƙe da alli a Magami mun san ɗalibin da ke gyangyaɗi tun darasin farko, idanu jajur, domin ya raba dare a kan TikTok. Mun san ɗalibar da ba ta iya gama shafi guda, hankalinta na kan wanda ya amsa mata saƙo da wanda ya share ta. A 2024, cikin ɗalibai kimanin miliyan 1.8 da JAMB ta fitar da sakamakonsu, miliyan 1.4 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Nan ma waya aka nuna wa yatsa.

To amma mu Zamfarawa mun ga abin da ya kamata ya sa mu yi wa bakinmu linzami. A farkon Satumbar 2021 aka rufe makarantun jihar nan bayan sace ɗalibai a Kaya ta Maradun, aka kuma katse layukan waya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ba ta samu layi ba sai Oktoba, mu na karkara kuwa sai daga baya. Ba Facebook, ba WhatsApp. Shin yaranmu sun koma ga littafi? Ina! Shagunan masu tura fina-finai suka yi wa tsinke. Wane littafi za su koma gare shi, alhali babu shi a gida, babu shi a makaranta? Ashe kango waya ta tarar, ta shiga ta shimfiɗa tabarma.

Mu tuna baya. Mu da muka yi sakandare a shekarun 1990 mun sha bulala a kan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, muna ɓoye shi cikin littafin lissafi. A lokacin littattafan soyayya aka ce su ne annoba, har aka laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano. Duk da haka, a cikinsu da yawanmu muka koyi zama da rubutu na sa'o'i. Yau me muka ajiye wa na bayanmu?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya komai ɗacinta. Marubuci ya bar ɗab'i, ya koma sayar da labari gutsure-gutsure a WhatsApp, yana cusa batsa don a biya kuɗin shiga. Malami ya ba da aikin aji, ya zauna yana latse-latse. Uba ya sayi babbar waya, amma kuɗin Magana Jari Ce sun yi masa yawa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Masu cewa a farfasa wayoyi su sani, tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake zana jarrabawar JAMB. Ƙa'ida ake bukata. Faransa ta hana ƙananan ɗalibai amfani da waya a makaranta tun 2018, Ostareliya kuma ta kafa dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga kafafen sada zumunta a 2024. Mu ma a hana waya shiga aji, a fara da ta malami.

Sai dai wanda ya karɓe abu daga hannun yaro, dole ya miƙa masa wani. Nan ne namu aikin yake. Kowane memba a Gusau, Tsafe da Bunguɗu ya zaɓi makaranta guda, ya kai mata littattafan da ke shan ƙura a akwatinsa, ya zauna da ɗalibai sa'a ɗaya a mako a yi karatu da murya. Mu kuma rubuta gajerun labaran da ɗan aji uku zai kasa ajiyewa. In mun gaza wannan, to mu daina kuka da waya, domin marubucin da bai reni mai karatu ba, shi ya tona wa alƙalaminsa kabari.

Allah Ya sa mu gyara.