Babu Shinkafar Da Ke Maganin Ciwon Sukari

Yau da 'yan kasuwarmu nake, kuma ban cire gidanmu ba, don mahaifina ya haura shekara 20 yana sayar da shinkafa a kasuwar Bodija nan Ibadan. A kan buhu na tashi.

Bara likita ya tabbatar wa Baba yana da ciwon sukari, bayan awon safe kafin karin kumallo ya wuce 126 har sau biyu. Kafin sati ya zagayo duk wanda ya zo dubiya a Sabo ya zama likita. Wannan ya ce basmati, wancan ya ce ofada ta Yarabawa, wani abokin cinikinsa ya kawo wata a leda mai ƙyalli wai ta masu sukari ce, kuɗinta ya ninka na 'yar Hausa. Baba ya koma basmati, yana cika faranti kamar da, har ya fara tsallake ƙwayoyinsa tunda ya samu "shinkafar magani". Cikin wata biyu idonsa ya fara hazo, ƙishirwa da fitsarin dare suka dawo. Ranar da muka auna bayan abincin rana, na'ura ta nuna 290, alhali likita ya ce kada ya wuce 180 awa biyu bayan cin abinci.

Ban ce duk shinkafa ɗaya ce ba. Farar shinkafar tuwo, wadda ake dafawa ta yi luguf a tuƙa, ta fi saurin tayar da sukari. Wadda aka turara kafin a sheme ta, irin ta dafa-duka, tana narkewa a hankali. Basmati ma haka. Ofada kuwa ba a goge dusarta duka ba, shi ne ɗan amfaninta. Amma jama'a, dukkansu sitaci ne, kuma sitaci sukari yake komawa a jiki. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana ɗauke da kusan giram 45, ko daga Indiya ta zo ko daga Kebbi. Wanda ya ci kofi uku na basmati ya fi cutuwa a kan wanda ya ci kofi ɗaya na 'yar Hausa.

To ku masu cewa "Alhaji ɗauki wannan, ci ka ƙoshi, ba ta taɓa sukari", ku ji tsoron Allah. Na san za ku ce kasuwa ce, mai saye ne ya tambaya. Ai tambayar tasa amana ce. Ribar kongo ɗaya ba ta kai idon mutum ko ƙafarsa ba, kuma wannan ciwo yana cin duka biyun. Mu da muke zaune nesa da gida, idan dattijo ya kwanta wa zai tsaya masa a rumfa?

Ga yadda muke yi yanzu. Inna tana dafa turararriya ta tsaya tsaye, ba ta bari ta caɓe. Rabin faranti ganye ne, zogale ko kabeji ko alayyahu, kwata kifi ko nama ko ƙwai, sauran kwatan shinkafa. Ranar garau-garau wake ya fi yawa. Bayan ya ci, Baba yana takawa zuwa masallaci da ƙafa. Ƙwayoyinsa kuma ba fashi. Idan aka kawo wata sabuwar shinkafa ba ma gardama, ya ci kofi ɗaya mu auna bayan awa biyu, na'ura ta raba mu. Yanzu da wuya ya wuce 170.

Baba yana nan yana sayar da basmati a rumfarsa. Sai dai in mai sukari ya zo, yakan ce masa: "Ka saya in kana da hali, amma ka rage faranti, ka koma wurin likitanka."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsarkake mana kasuwancinmu. Amin.