Alƙaluman Masu Ƙera Makamai Da Ƙurar Ƙasarmu

Jama'a, duk wanda ya taɓa bin hanyar Tegina zuwa Birnin Gwari daga nan Ikko ko Badun ya san garin Kagara. Ran 17 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta gwamnati da ke can, suka kashe ɗalibi guda, suka kwashe mutum 42. Ran 21 ga watan wani jirgin leƙen asiri na mayaƙan sama, ƙirar King Air 350, ya tashi daga Abuja zuwa Minna don taya nemansu. Matuƙin ya ba da labarin inji ya samu matsala, ya juyo, jirgin ya faɗi kafin ya kai fili. Mutum 7 da ke ciki duk suka rasu. Allah Ya jiƙan su.

Irin wannan jirgi kuwa ya yi suna wajen aminci. To, ina gizo ke saƙar?

Alƙaluman da masu ƙira ke bayarwa, watau sa'o'i kaza kafin inji ya lalace, an gina su ne bisa sharuɗɗa: mai tsabtatacce, gyara kan lokaci, kayan gyara a hannu, makanikai ƙwararru. Fagen fama bai san wannan ba. Ƙurar hunturu tana cin inji. Zafin rana yana rage masa ƙarfi. In jirage sun yi kaɗan, sai a ɗora wa guda aikin uku. Direbobinmu na manyan motoci sun san haka: motar da ke lafiya a wurin dillali, hanyar Mokwa ce ke faɗin gaskiyarta.

Ba mu kaɗai ba ne. A 1980 Amurka ta aika jirage masu saukar ungulu 8 don ceto mutanenta a Iran. Guguwar ƙura da lalacewar na'urori suka rage su zuwa 5, dole aka fasa aikin.

Saboda haka muna kira ga hukuma: in za a sayi makami, a haɗa da kayan gyaransa na shekaru da horon makanikai. A gwada shi cikin hazo da zafinmu kafin a biya. Sojojinmu su riƙa rubuta kowace lalacewa, su dogara da nasu lissafin. 'Yan Majalisa kuma su riƙa tambayar jirage nawa ke iya tashi yau, ba nawa aka saya ba.

Iyayenmu da ƙannenmu suna can gida. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.