Haƙƙin Hannun Yaro a Ajin Share Fage

Ajin share fage, wato ajin da yara 'yan shekara uku zuwa biyar suke zama kafin su shiga firamare, wanda jama'a suka fi sani da nazare ko rabin aji, ya zama a garuruwa da dama wurin da ake ɗora wa ƙananan yara nauyin da jikinsu da hankalinsu ba su kai ɗauka ba. Ana jera su a kan benci tun da safe, a ce su naɗe hannu, malama ta faɗa su amsa da ƙarfi, a sallame su da jaka cike da littattafai da aikin gida, a ƙarshen zango kuma a yi musu jarrabawa a fitar da na ɗaya da na ƙarshe. Iyaye da yawa suna ganin wannan shi ne alamar makaranta mai kyau, alhali kuwa tauye haƙƙi ne, domin yaro a waɗannan shekaru yana fahimtar duniya ne ta kafofin jikinsa guda biyar, gani da ji da taɓawa da sunsunawa da ɗanɗano, kuma karatun da ya tsallake waɗannan kafofi yakan tsaya ne a fatar baki.

Masana tarbiyya sun daɗe da gane haka. A shekarar 1840 Friedrich Fröbel ya raɗa wa makarantarsa da ke Bad Blankenburg a ƙasar Jamus suna lambun yara, kuma abin da ya fara miƙa wa ɗalibansa shi ne ƙwallaye masu laushi na ulu da gutattakin katako da za su juya, su jera, su rushe. Bayansa, a watan Janairun 1907, Maria Montessori, likita 'yar ƙasar Italiya, ta buɗe Gidan Yara a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, domin 'ya'yan leburorin da ke wuni a wurin aiki. Ya kamata a lura da wannan asali, ganin cewa sunan Montessori da a yau ake rubutawa a allon ƙofar makarantun kuɗi don jawo masu hali, a tsakanin 'ya'yan marasa hali aka fara gwada tsarinsa.

Abin da Montessori ta yi yana da sauƙin bayani. Ta yanka haruffa daga samfefa, takardar nan mai kaushi da kafintoci ke goge katako da ita, ta manna su a kan alluna masu santsi, yaro yana bin harafin da yatsu biyu yana furta sautinsa, har hannunsa ya haddace siffar tun kafin a damƙa masa fensir. Ta tanadi dunƙulen katako guda goma, mafi ƙanƙanta santimita ɗaya, mafi girma santimita goma, waɗanda yaro zai ɗauko ɗaya bayan ɗaya ya gina hasumiya, idan ya ɗora babba a kan ƙarami ginin da kansa zai nuna masa kuskurensa, ba sai an tsawata masa ba. Ta kuma sa zuba ruwa daga buta zuwa kofi, da ɓalla maɓalli, da share ƙasa, da wanke hannu cikin darussan yau da kullum. Kamar yadda ta ruwaito, yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar da suka bi ta wannan hanya sun fara rubutu da kansu, cikin murna, ba tare da an tilasta musu ba.

Binciken Jean Piaget, masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan wanda ya rasu a 1980, ya ƙara haskaka dalilin. Ya nuna cewa idan aka juye ruwa daga kofi mai faɗi zuwa kofi dogo siriri a gaban yaron da bai kai kimanin shekara bakwai ba, sau da yawa zai ce ruwan ya ƙaru, saboda hukuncinsa yana bin abin da idonsa ya gani. Irin wannan yaro yana iya rera ɗaya zuwa ɗari ba gargada, amma idan aka ce ya ɗebo ƙwallon dabino biyar daga cikin ƙwarya sai ya cika hannunsa ya kawo. Lambar tana bakinsa, ma'anarta ba ta shiga ba tukuna, kuma ba za ta shiga ba sai ya taɓa abubuwa biyar, ya ware su, ya haɗa, ya raba wa abokansa ya ga abin da ya rage. Haka nan ƙasusuwan wuyan hannunsa ba su gama ƙwari ba, don haka cika shafi da haruffa azaba ce a gare shi, alhali murza yumɓu da zura duwatsun ado a zare su ne suke ƙarfafa yatsun da za su riƙe alƙalami daga baya.

Manufar Ilimi ta Ƙasa a Nijeriya, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta faɗa a bugunta na 2004 cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, ta kuma ƙayyade malami ɗaya ga yara 25. Uzurin da aka saba kawowa na rashin bin wannan manufa shi ne tsadar kayan aiki, uzurin kuwa ba ya tsayuwa, domin kayan suna zube a tsakar gida da kasuwa. Marafan kwalba da 'ya'yan tsamiya sun isa ƙirga, faranti da rairayi sun isa zana harafi da yatsa, mudu da gwangwani da ludayi sun isa koyar da awo, citta da kanumfari da daddawa a ƙulle cikin tsumma sun isa gwada hanci, karan dawa kuma yaran Hausa sun daɗe suna fere shi suna ƙera mota. Carafke, wasan da 'yan mata ke cilla tsakuwa sama su kwashe na ƙasa kafin ta sauko, ya haɗa ƙirga da saitin ido da hannu. Makarantar allo ma, duk da ta dogara da hadda, ba ta raba yaro da hannunsa ba: yana rungumar allonsa, yana bin babbaƙu da yatsa, yana wanke shi ya shanya, yana kallon yadda ake dafa tawada da ƙaro ana fiƙe alƙalami. Abin kiyayewa kawai shi ne a nisanta ƙananan iri da tsakuwa daga yaran da ke kai komai baki.

Masu goyon bayan matsa wa yara sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma suna tsoron kada aji ya koma filin wasa a rasa ladabi. Tsoron nasu abin saurare ne, sai dai ladabin da ake samu ta hanyar aiki ya fi na naɗe hannu ɗorewa. Yaron da ya zubar da ruwa ya ɗauko tsumma ya goge, ya jira ɗan'uwansa ya gama da kayan wasa kafin ya karɓa, ya mayar da kowane abu mazauninsa, yana koyon haƙuri da tsabta da kiyaye amana a aikace. Wanda aka doke shi don ya kasa zama wuri ɗaya na tsawon sa'o'i kuwa, an hukunta shi ne a kan halittarsa, kuma alhakin hakan yana wuyan manya.

Nauyin gyara ya fi karkata ga iyaye, saboda masu makaranta suna sayar da abin da ake nema ne. Malamar da ta karanci renon yara a kwalejin ilimi ta san amfanin yumɓu da rairayi, amma idan uba ya zo yana ƙorafin cewa littafin ɗansa bai cika ba kuma rigarsa ta yi datti, dole ta ajiye abin da ta sani ta koma ga rera haruffa don ta tsira da aikinta. Hukumomin ilimi na jihohi, waɗanda ke ba makarantun nan lasisi, suna da ikon hana jarrabawar jeranta matsayi ga 'yan ƙasa da shekara biyar, da sa masu duba makarantu su ƙirga yaran da ke gaban kowace malama, su kuma tambayi inda ake ajiye kayan da yaran ke taɓawa da sa'o'in da ake ba su dama su taɓa su.