Digiri na biyu a fannin ilimi: Ina sharaɗin tsayuwa gaban allo?

Duk lokacin da jami'o'inmu suka fara sayar da fom na karatun gaba da digirin farko, tallar kan karaɗe zaurukan WhatsApp na malaman makaranta. Kwasa-kwasai biyu na cikin waɗanda malamai ke rububi a kansu: digiri na biyu a Gudanar da Ilimi da Tsare-tsare, da digiri na biyu a Koyar da Turanci a matsayin harshe na biyu. Na farko shi ne hanyar mai hangen kujerar firinsifal, ko sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ko darakta a ma'aikata. Na biyu kuwa shi ke kai mutum kwalejin ilimi, inda zai horar da waɗanda za su koyar da 'ya'yanmu Turanci gobe.

Sharuɗɗan shiga kusan iri ɗaya ne ko'ina. Kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci, a wurare da dama har da Lissafi. Digirin farko da bai gaza daraja ta biyu ƙaramin mataki ba, wato abin da ɗalibai ke kira tu-tu. Wanda digirinsa ba na fannin ilimi ba ne sai ya haɗa da babbar diflomar koyarwa ta PGDE. Sai takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da takardar cikakken sakamako daga tsohuwar jami'arsa, wadda samunta kaɗai kan cinye wa mutum watanni da kuɗin mota. Wasu jami'o'in na ƙara jarrabawar tantancewa. Sharaɗin fita kuma shi ne cin kwasa-kwasai da rubuta kundin bincike a kare shi gaban malamai.

Mai karatu ya sake duba wannan jeri da kyau. Ana iya cika shi tsaf ba tare da an taɓa riƙe aji na zango guda da sunan aikin kai ba. Saurayin da ya gama bautar ƙasa jiya zai iya samun gurbi yau, bayan shekara biyu ko uku ya fito da takardar da ke cewa shi masani ne a gudanar da makaranta, alhali bai taɓa tsara jadawalin darussa ba, bai taɓa zama da uban da ya zo cire 'yarsa daga aji uku ba, bai taɓa raba malamai bakwai ga azuzuwa goma sha biyu ba. A ganina nan ne giɓin yake, kuma ba ƙarami ba ne.

A ɗaya ɓangaren kuma ga hedimastan da ya shafe shekara ashirin yana riƙe da makarantar firamare a ƙauye. Ya san yadda ake lallashin mai unguwa ya ba da fili, ya san watan da yara ke ɓacewa zuwa gona, ya san malamin da ke zuwa ranar albashi kawai. Da NCE ya fara, daga baya ya yi digiri na lokacin hutu yana fama da iyali da aiki, ya fita da daraja ta uku. Wannan mutumin sai an sa shi ya zaga ta wata difloma tukuna, in ma an saurare shi. Ƙofar ta buɗe wa wanda bai san aikin ba, ta ƙuntata wa wanda aikin ya tsufa a hannunsa.

Ba ina cewa a watsar da sharaɗin sakamako ba. Digiri na biyu karatu ne mai nauyi, wanda ba ya iya karanta littafi ya fitar da ma'ana zai wahala ya kuma wahalar da malamansa. Abin da nake cewa shi ne takarda na auna abin da mutum ya yi a ɗakin jarrabawa shekarun baya, ba ta auna abin da zai yi idan aka damƙa masa makaranta mai yara dubu biyu da rijiya ɗaya.

Mun ga abin da dogaro da takarda kaɗai ya haifar. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun kasa samun kashi 75 cikin ɗari a tambayoyin da ta ce na 'yan aji huɗu ne. An yi ta cece-kuce kan adalcin jarrabawar da yadda aka sallami mutane, ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki, kuma akwai gaskiya a wasu ƙorafe-ƙorafen. Amma tambayar da ba a cika yi ba ita ce: su wa suka horar da waɗannan malamai, su wa suka sa hannu a takardunsu, su wa ke duba aikinsu duk waɗannan shekaru? Amsar ita ce malaman kwalejoji da shugabannin makarantu da jami'an sa ido, wato dai mutanen da waɗannan digirori biyu ke yayewa. An bar jaki ana dukan taiki.

Batun Turanci ya fi damuna, domin shi ne ƙofar sauran darussa. A ƙarshen 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya sanar da manufar koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke ta, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Ina da ja a kan wannan mataki, musamman idan aka tuna gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife a shekarun 1970, inda yaran da aka koyar da Yarabanci ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa. Amma wannan zance ne na wata rana. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, tunda an ɗora komai a kan Turanci, yaron da bai same shi ba ya rasa Lissafi, ya rasa Kimiyya, ya rasa komai. Wanda zai horar da malamin Turanci ya zama mutum mafi muhimmanci a wannan sarƙa.

To me ake nema daga gare shi? Kiredit a Turanci da ya samu yana ɗan shekara goma sha bakwai, da digiri a Turanci ko a koyar da shi. Sanin Turanci daban, iya koyar da shi daban. Mutum na iya yin fashin baƙi a kan wasannin Shakespeare da littattafan Achebe ya burge kowa, a ba shi yara tamanin da ba su taɓa jin Turanci a gida ba ya rasa ta inda zai fara.

Koyar da yaro Bahaushe Turanci yana da nasa sirrin. Hausa ba ta bambanta sautin p da f yadda Turanci ke yi, shi ya sa pan da fan ke zama abu ɗaya a bakin yaro. Babu sautin v, sai ya koma b. Babu sautin da ke farkon think ko this. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakani, dubi yadda bread ya zama burodi, screwdriver ya zama sukudireba. Yaron da ya ce I am coming yana fita daga aji ba shirme yake yi ba, “ina zuwa” ya fassara. Wanda ya rubuta drink medicine, “shan magani” ke cikin kansa. Malamin da ya san tushen waɗannan kurakurai zai iya gyara su da atisaye. Wanda bai sani ba zai yi ta jan layi da jan biro, ya ce yaran ba su da kai. Irin wannan kwatancen harsuna ana taɓa shi a lacca, na sani, amma taɓawa a lacca ba ita ce nunawa a aji ba. A Borno Kanuri ne, a Adamawa Fulatanci, a Neja Nufanci, kowane da nasa wuraren tuntuɓe.

A duba takardar CELTA ta Cambridge, wadda masu koyar da Turanci a ƙasashe da dama ke nema. Ba digiri ba ce, kwas ne na makonni kaɗan, amma ba a ba mutum ita sai ya koyar da ɗalibai na gaske na tsawon awa shida ana zaune ana kallonsa ana ba shi maki. Idan kwas na wata guda zai tsaya kai da fata a kan haka, me zai hana digirin shekara biyu? A ɓangaren shugabanci ma, Ingila ta ƙirƙiro takardar ƙwarewa ta musamman ga shugabannin makarantu tun 1997, ta taɓa wajabta ta kafin ta sassauta a 2012, kuma a jihohin Amurka da yawa ba a ba mutum lasisin firinsifal sai ya koyar na wasu shekaru ya kuma yi aiki ƙarƙashin wani shugaba. Mu ma muna da cibiyar NIEPA a Ondo da aka kafa domin horar da masu tsara ilimi da gudanar da shi, sai dai malamin ƙauye a Jigawa ko Zamfara da wuya ya taɓa jin sunanta.

Ba ma sai mun je Turai ba. Dattawanmu da suka yi kwalejojin horon malamai na Giret Tu suna ba da labarin yadda malami ke zama a bayan aji da littafinsa yana rubuta yadda ka riƙe alli, yadda ka yi tambaya, yaran da ka manta da su a kusurwa. An rufe waɗannan kwalejoji, aka ɗaga mafi ƙarancin shaidar koyarwa zuwa NCE. Takardu sun yi sama, amma idon da ke bayan aji ya ragu.

Sai kundin bincike, wanda shi ne babban sharaɗin fita. Duk wanda ya leƙa ɗakin ajiye kundaye na tsangayar ilimi zai ga taken da suka yi kama da juna kamar 'yan gida ɗaya: tasirin salon shugabancin firinsifal a kan ƙwazon malamai a ƙaramar hukuma kaza. A raba takardar tambayoyi ɗari uku, mutane su zaɓi “na yarda” ko “ban yarda ba”, a kai wa mai kwamfuta ya fitar da alƙaluma, a ɗaure da baƙar fata. Akwai kundaye masu kyau, ban musa ba. Amma da yawa ba wanda ke sake buɗe su, har mai su. Da za a ce wa ɗalibi ya zaɓi makaranta ɗaya, ya gano matsala ɗaya, misali yawan fashin 'yan mata a zango na uku ko rashin iya karatun 'yan aji huɗu, ya gwada mafita na zango biyu, ya rubuto abin da ya yi aiki da abin da ya ƙi, da an samu bincike da makarantar da aka yi shi a cikinta za ta amfana tun kafin a kare shi.

Na san abin da malaman jami'a za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce digiri na biyu na ilimi ne da bincike, ba lasisin aiki ba, lasisi aikin hukumar TRCN ne wadda aka kafa tun 1993. Za su ce malami ɗaya na duba ɗalibai fiye da ƙima, babu kuɗin mai na zuwa makarantu, wasu hanyoyin ma ba su biyuwa saboda tsaro. Za su ƙara da cewa a wasu jami'o'in akwai kwas na aiki a aikace tuntuni.

Game da na farko, TRCN ɗin da kanta tana jera malamai hawa huɗu bisa takarda: mai digiri na uku a sama, sai mai digiri na biyu, sai mai digirin farko, sai mai NCE. Ke nan digirin ne ke ɗaga mutum, ko da jami'a ta ce ba lasisi take bayarwa ba. Masu naɗa firinsifal da masu ɗaukar malaman kwaleji ma takardar suke dubawa. Idan ana so a raba, a raba a fili: hanya ɗaya ta bincike ga mai son zama malamin jami'a, ɗaya ta ƙwarewa ga mai son riƙe makaranta, kowace da sharaɗinta. Game da kwas na aikace kuwa, a tambayi waɗanda suka yi shi sau nawa aka je aka gan su a bakin aiki, sau nawa kuma ya ƙare da rahoto da hatimin wani shugaban makaranta da aka sani.

Matsalar kuɗi da tsaro gaskiya ce, amma ba ta hana komai. Yawancin masu wannan karatu malamai ne da ke kan aiki, suna da aji a hannu. Kowa na da waya. Ɗalibi zai iya ɗaukar bidiyon darasinsa na minti arba'in, da izinin makaranta da na iyaye, ya kawo a kalla tare da 'yan ajinsa a tattauna. Darasi shida irin wannan a shekara ba ya buƙatar ko lita ɗaya ta mai. Ana kuma iya ɗauko tsofaffin firinsifal da suka yi ritaya, waɗanda ke zaune a unguwanninmu da ilimin da ba a rubuta ba, a ba su ɗan alawus su riƙa sa ido.

Abin da nake nema daga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da hukumomin karatun gaba da digiri bai wuce wannan ba. Mai neman digirin gudanar da ilimi ya kawo shaidar koyarwa ta aƙalla shekara uku, a kuma buɗe wa gogaggen malami mai ƙaramin sakamako hanya ta jarrabawa da ganawa. Mai neman digirin koyar da Turanci a saurari bakinsa a karanta rubutunsa kafin a ɗauke shi, kada kuma ya fita sai an ga koyarwarsa. Gwamnatocin jihohi ma ba sai sun jira Abuja ba. Su ke ba malamai hutun ƙaro karatu da albashi, su ke naɗa firinsifal da sakatarorin ilimi, don haka kwamishina na iya rubuta wa jami'ar jiharsa gobe ya ce daga zango mai zuwa ga irin digirin da ma'aikatarsa za ta biya wa kuɗi.