KALMAR "RUDE" DA MASU DUKA DA ITA

Akwai wata kalmar Turanci da 'yan boko suka riƙe kamar sandar kiwo, duk wanda ya gitta sai su sauke masa. Kalmar ita ce "rude". Yaro ya yi shiru, a ce da shi rude. Ya buɗe baki, a ce da shi rude. To, jama'a, tun da da ita ake dukan 'ya'yanmu, ya kamata mu san dajin da aka saro ta.

Asalinta daga harshen Rumawa ne, su suke cewa "rudis", watau abin da hannu bai gyara ba, kamar dutsen da ba a sassaƙa ba, ko filin da ba a taɓa nomawa ba. Ta bi ta Faransanci ta shiga Ingila, kafin shekarar 1400 ta riga ta zauna daram. Kishiyarta kuwa, "polite", ma'anarta ta farko abin da aka goge har ya yi santsi. Ashe wanda aka ce da shi rude ba mugu aka kira shi ba, ɗanyen icce aka kira shi, wanda gizago bai bi ta kansa ba. Shi ya sa har yau in Bature ya ce dattijo yana cikin "rude health" yabo ya yi, lafiya ce garau irin ta manomi.

Mai riƙe da gizagon kuwa ɗan birni ne. Dubi 'yar'uwarta "boor", wadda ake jifan marar ladabi da ita. Tushenta ɗaya da "boer", manomi ke nan da harshen mutanen Holan, sunan Turawan nan na Afirka ta Kudu waɗanda Ingila ta yaƙa daga 1899 zuwa 1902. Kada mu yi musu dariya, mu ma da "baƙauye" muke zagi, alhali da hatsinsa muke tuƙa tuwo.

Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake juya ta da Hausa, a ce "rashin kunya". Haba! Ina aka haɗu? A Ingila wanda ya tsallake layi, ko ya tambayi mutum nawa ne albashinsa, ko ya karɓi abu bai yi godiya ba, rude ne, gobe an manta. Marar kunya kuwa, in an faɗa, ba shi kaɗai aka zaga ba, har da gidan da ya fito. Banda wannan, al'adun ma sun sha bamban. Can in babba yana magana sai yaro ya dube shi ido cikin ido, in ya kau da kai ya yi laifi. Nan kuwa sunkuyar da kan shi ne ladabi.

Na taɓa ganin takardar ƙarshen zango ta wata yarinya, 'yar maƙwabcina, malaminta ya rubuta mata kalmar nan da jan biro. Shi malamin ba Bature ba ne, ɗan gari ne, shi ma da sunkuyar da kai aka rene shi. Uban bai yi boko ba, ya kai wa wani a karanta masa, aka ce, "Malam ya ce 'yarka ba ta da kunya." Ran nan yarinya ta kwana da kuka, da ƙyar dattawan unguwa suka hana a cire ta daga makaranta. Da aka je aka tambayi malamin laifinta, sai ya ce in yana yi mata magana ƙasa take kallo.